Wasa na mutanen ƙauye, suna na malaman jami'a

Shekarun baya wasu abokan aikina masu nazarin wasan kwaikwayo suka gayyace ni wani bincike na haɗin gwiwa a wani ƙauye. Nawa aikin, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne in saurari abin da aka naɗa, in rubuta, in juya shi zuwa Turanci. Manoma ne suka ƙaga labarin a kan rabon takin zamani, su suka zuba karin magana, su suka tsara waƙoƙin. Da maƙalar ta fito a wata mujallar ƙasar waje, sunayenmu huɗu ne a samanta, har da na wani babba da bai taɓa taka ƙauyen ba. Masu wasan kuwa layi guda suka samu a ƙasa, wai an gode wa "al'umma". Ban ce uffan ba, domin ni ma da maƙalar na nemi ƙarin girma.

To amma batun bai tsaya ga suna ba. A 1977, a ƙauyen Kamiriithu na ƙasar Kenya, Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii sun rubuta wasan Ngaahika Ndeenda da harshen Gikuyu. Mutanen ƙauyen ne suka gina dandalin da hannunsu, suka gyara wa marubutan harshe, kuma Ngugi bai ɓoye hakan ba. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare shi shekara guda ba shari'a. A 1982 aka rushe dandalin, marubutan biyu suka yi gudun hijira. Duniya ta san wahalar da suka sha, kuma ba ƙarama ba ce. Amma manoman da suka hau dandalin fa? Suna nan inda aka bar su, a gaban hukumar da suka taɓa.

Haka abin yake a wurinmu. Mu kan hau motar jami'a mu koma gida, manomin da ya kwaikwayi dagaci kuwa gobe zai tsuguna gabansa neman taki. Saboda haka ina kira ga kwamitocin bincike na jami'o'inmu da su wajabta rubutacciyar yarjejeniya, da harshen mutanen, kafin a kunna na'ura: wa zai mallaki faifan, wa ke son sunansa ya fito, wa ke tsoron ya fito. Mu dai ba mu tambayi kowa ba, kuma har yau ban koma ƙauyen da kofi ko ɗaya na maƙalar ba.