Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, kowa ya ciro naira goma ya juya bayanta. Fulani mata biyu ne ɗauke da ƙwaryar nono a ka. A bayan naira ashirin kuwa ga Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar garin Kwali, tana kan aikinta. To mai nonon nan, in ta shiga Wuse yau da ƙwaryarta, me take gani? Masu tsaftar gari su bi ta da mota, su ƙwace kayan. A takardar kuɗi ado ce, a bakin titi ta zama ƙazanta.

Abin da ake yi mana ke nan a unguwar nan. Sai ka ga mutum ya sauka daga mota da kyamara, ko sallama babu, ya ɗauki almajiri da robarsa, ya ɗauki mai ruwa da kurarsa, ya ɗauki tsohuwa a bakin kwata. Gobe an zana, an sa a gilashi, an kai gidajen baje zane na Wuse da Maitama. Mai hali ya saya ya rataye a falo, alhali yaron da ke cikin hoton ko ƙofar gidan ba zai kusanta ba, maigadi zai kore shi.

Ba hukuncin zane a shari'a muka zo tattaunawa ba, wannan yana da nasa zaman. Maganar mutunci muke yi. Sun ce wai suna nuna wa duniya halin talaka. Madalla. To ina dalilin halin? Ina katafilar da ta rushe unguwanni tsakanin 2003 da 2007, zamanin Nasiru El-Rufa'i yana minista? Ina masu acaɓar da aka hana shiga tsakiyar gari a 2006? An zana raunin, an ɓoye wuƙar.

Abu uku muke nema. Mai son hoto ya fara zuwa wajen mai unguwa da iyayen yara ya nemi izini. In ya gama, ya kawo aikin nan filin makaranta mu ma mu gani. In ya sayar, unguwa ta samu rabonta, ko da gyaran rijiyar burtsatse ne.

Ku kuma iyaye, kada a ba yaro ɗari biyar ya tsaya a ɗauke shi cikin tsumma. Talauci ba abin kunya ba ne, amma ba hajar wani ba ne. Allah Ya rufa mana asiri.