Zumunci A Ƙafa Yake, Ba A Waya Ba

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu mazauna kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabon Ibadan da Fatakwal. Wai nisa ya ƙare tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001. Wai mutum yana zaune a rumfarsa zai ga fuskar mahaifiyarsa a Gumel, ya danna ya tura mata kuɗin cefane, shi ke nan ya sauke nauyi. Mu kuwa muna cewa wannan ruɗi ne, kuma yana cin gidajenmu kamar gara.

Ba wai mun ƙi waya ba ne. Duk wanda ya ga zamanin da ake ba direban motar goro wasiƙa, ko a ɗauki murya a kaset a aika gida, a zauna jiran amsa wata guda, ba zai raina ta ba. Amma a dubi abin da ya biyo baya. A da, da yake saƙo yana da wuya, mutum ba ya bari damina ko Babbar Salla ta wuce bai taka gida ba. Yanzu kuwa akwai mai shekara biyar bai je ba, kuma ransa bai dame shi ba, don kullum yana jin murya. To, murya tana ɓoye abu. Wace uwa ce za ta faɗa wa ɗanta ta waya cewa ƙafarta ta kumbura, ko rumbu ya yi ƙasa? Sai ta ce lafiya lau, don kada hankalinsa ya tashi. Ido shi ke ganin rama. Haka aka mai da ta'aziyya 'yar rubutu, 'ya'yan da aka haifa a kurmi suka tashi ba su taɓa cin tuwo a akushin kakanninsu ba.

Masu cewa na'ura ta wadatar da mu, sun manta da farkon 2023 ne? Sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace. Mutum yana da dukiya a cikin waya, amma kuɗin mota ya gagare shi. Mai tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa, mai saye yana tsaye yana jiran saƙon banki da ya ƙi shiga. Wa ya rufa asiri a ran nan? Maƙwabci da ya ba da mudun gari, da mai shago da ya ba da bashi don ya san ka, ya san ubanka. Watau abin nan da ake kira tsohon yayi shi ne ya ciyar da mu.

Da ma a kansa aka gina zamanmu a nan. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, falke yakan sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya tsaya masa a sayar da shanunsa bashi, kuɗi su fito. Ba takarda, ba na'ura, sai amana da sanin juna.

Wani zai ce kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin mai a 2023, hanya kuma ba tsaro. Gaskiya ne, kuma a nan ne laifin shugabanni yake. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano tun 1912. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari da 'yan kai talaka yana tsoron tafiyar da kakansa ya yi hankali kwance, sa'an nan a zo ana ƙirga mana yawan layukan waya, wai shi ne ci gaba. Duk mai neman ƙuri'armu, mu tambaye shi hanya da tsaro, domin ci gaban da bai kai mutum gaban iyayensa lafiya ba, holoƙo ne, hadarin kaka.

Mu kuma namu ya rage. Ɗan'uwa, ƙirga abin da kake ba mai kati a wata, ka ware rabi ka sa a asusu don kuɗin mota. Ka je ka durƙusa ka gai da tsohuwa tun tana iya sa maka albarka, gama ranar da za a bugo maka a ce an yi rashi, wayar nan ba za ta ɗauki makara ba. Allah ya sa mu gane.