Boka ya sa kwat: maganar kartar tarot

Akwai abin da ya fara yawa a salular matasanmu, musamman masu jin Faransanci. Baturiya ce za ta kunna kyandir, ta baje karta bisa tebur, ta ce in wannan bidiyo ya iso gare ka to saƙonka ne. Sunan kartar tarot. Ɗan lakwal ɗin da ke yi wa kakarsa dariya don ta je wurin mai bugun ƙasa, shi ne zai raba dare yana jiran karta ta gaya masa ko yarinyar nan za ta dawo. Wai don boka ya sa kwat sai ya tashi daga boka?

Masu tallarta suna cewa sirrin Misira ne tun zamanin Fir'auna. Ƙarya ce tsagwaronta. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro ta wajen 1440, a fadojin Milan da Ferrara, don wasa kawai. Karta 78 ce, 22 daga ciki masu hotuna na musamman. Sama da shekara 300 wasa ake yi da ita, kuma har gobe Faransawa na buga ta kamar yadda ake buga karta a fadar samari.

Sai a 1781 wani malami a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa hotunan nan littafin limaman tsohuwar Misira ne. To a lokacin babu mahalukin da ya iya karanta rubutun Fir'auna, sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma ba a tarar da tarot a ciki ba. Amma kafin nan wani Alliette ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya mai da duba da karta sana'a. Abin dariya ma, dangantakar karta da Misira ta gaskiya ita ce kartar wasa ta Mamluk, wadda ta shiga Turai a ƙarni na 14.

Kartar da kuka fi gani a bidiyo a Landan aka buga ta a 1909, zanen Pamela Colman Smith bisa umurnin Arthur Waite. Daga baya mabiya Wicca suka rungume ta. Wicca addinin arnanci ne na zamani wanda Gerald Gardner ya fito da shi fili a Ingila a 1954, bayan an soke dokar hana maita a 1951. Suna kiran kansu mayu, amma ba maitar kamun kurwa da muka sani ba ce, bautar wata allahiya da wani allah ce da bukukuwan juyin shekara. Addininsu ne, ƙasarsu ce, kuma da yawansu na faɗi a fili cewa karta madubi ce ta yin tunani. Rigimarmu da masu sayar da gobe ce, da namu masu saye.

Za ku ce ai ta faɗi daidai. Ƙwarai kuwa! A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takarda, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka ba ta maki sama da 4 bisa 5. Ashe magana guda ce ya raba wa kowa. Wa ke cikinmu ba shi da maƙiyi, ko kuɗin da yake jira, ko wanda ya ɓata masa rai? Bidiyon kuma ba ƙaddara ta kawo maka shi ba, TikTok ne ya lura ka daɗe kana kallon irinsa.

Hukuncin duba a addini malamanmu sun faɗe shi tun tuni, ba sai mun maimaita ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yarinya ta fara zargin kishiya ko ƙawa don an ce wata mace na tsaye tsakaninta da sa'arta, ko saurayi ya tura kuɗin da ya tara don a yi masa duba na shi kaɗai. Mai bugun ƙasa na unguwa, in ya haddasa fitina, an san ƙofar gidansa, ana iya kai ƙararsa wurin mai gari. Waccan mai kyandir ɗin, wa ya san ko sunanta na gaskiya?