Ɗan sakandare a Malumfashi ma zai iya gano dutse a sararin samaniya



Da an ɗauko zancen binciken taurari, sai mu ce ai wannan sai Turawa masu madubin hangen nesa na biliyoyi. Ni kuwa a ganina ɗan aji biyar a Funtuwa ko Malumfashi zai iya sa hannu a bincike na gaskiya, ko da bai taɓa ganin madubin ba.

Akwai wani shiri da ake kira IASC, wanda Dakta Patrick Miller ya kafa a 2006 a jami'ar Hardin-Simmons da ke Amurka. Madubin Pan-STARRS da ke Hawai yana ɗaukar hoton yanki guda na sama sau da dama a dare ɗaya, sai a turo wa rukunin ɗalibai hotunan kyauta ta intanet. Su kuma su buɗe su a manhajar Astrometrica, su riƙa kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Taurari suna nan tsaye cak. Ɗigon da ya gusa kuwa, mai yiwuwa dutse ne irin waɗanda ke kewaya rana. Sai su auna shi, su tura rahoto. In an tabbatar sabo ne zai shiga kundin masana, kuma bayan wasu shekaru waɗanda suka gano shi na iya ba da sunan da za a raɗa masa.

Na san abin da iyaye za su fara tambaya, kuma da gaskiyarsu. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, wa zai yarda a fitar masa da ɗa fili da tsakar dare kallon sama? To wannan aiki da rana ake yinsa, a cikin aji. Kwamfuta ɗaya, data, da malamin fiziks mai himma. Kwamfutocin da ke cibiyoyin jarrabawar JAMB ma, me suke yi sauran watannin shekara?

Kuma ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, daga nan ya fita har ya rasu a Alƙahira a 1741. Tsofaffin manomanmu sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki, malaman zaure kuma na lissafin damina da tauraro. Jikokinsu ne kawai muke sa su haddace sunayen duniyoyi don WAEC, su manta bayan mako guda.

Namu aikin a nan yake. Umarnin shirin nan da Turanci ne, yaron da ya taso a ƙauyen Bakori ko Ƙafur kuwa da Hausa yake tunani. Wani cikinmu ya zauna da malamin kimiyya su rubuta jagora mai shafi biyar cikin Hausa mai sauƙi, wani ya bi tsofaffi ya tattara sunayen taurari tun suna raye. Ko sunan dutsen nan ma yana jiran mai raɗa masa. Ni dai "dutsen falaki" na fi so, amma ina jiran naku kafin Juma'a mai zuwa.