Namiji Da Aikin Jinya: Abin Da Mai Shirin Sauya Sana'a Zai Tarar A Boɗinga Da Shagari

A cikin shekarar 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta ba da sanarwar cewa duk ma'aikacin lafiyar da ta ɗauki nauyin karatunsa, likita ne ko nas ko mai haɗa magunguna, wajibi ne ya yi shekara biyu yana aiki a karkara, tare da alkawarin ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan albashinsa. Dalilin da aka bayar shi ne ma'aikata sun taru sun yi cincirindo a cikin birnin Sakkwato, alhali asibitocin ƙananan hukumomi suna kukan rashin hannu. Ƙananan hukumomi irin su Boɗinga da Shagari, waɗanda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, suna daga cikin wuraren da wannan doka ta shafa kai tsaye.

Wannan sanarwa ta zo ne a daidai lokacin da samari da magidanta da yawa ke tunanin barin sana'ar da suke yi su koma aikin jinya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar rayuwa ta matsi mai ƙaramin albashi ƙwarai. Malamin makarantar kuɗi da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da mai digirin da ya gama bautar ƙasa yana zaune, da ɗan tiredan da jarinsa ya narke, duk sun ji ana cewa nas ba ya rasa aiki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata mai wannan niyya ya san abin da ke gabansa tun bai ajiye takardar barin aiki ba.

Aikin Mata Ne?

Tambayar farko da namiji zai sha daga dangi da abokai ita ce wannan. A duniya baki ɗaya mata ne suka fi yawa a wannan aiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa wajen tara daga cikin goma na ma'aikatan jinya mata ne, kuma duniya na da giɓin nas kusan miliyan 5.9. To amma tarihin Arewa ya sha bamban da na Turai. A zamanin En'e, lokacin da karatun boko na 'ya'ya mata bai yaɗu ba, samari ne aka koya wa ɗaurin miki da allura da ba da magani, su ne kuma suka riƙe ƙananan asibitocin gundumomi. Daga nan ne muka sami kalmar "malamin asibiti". Asibitocin mishan irin na Vom da ke Filato da na Wusasa kusa da Zariya, da na Galmi da ke Jamhuriyar Nijar wanda aka buɗe a 1950, da sansanin masu cutar kuturta na Amanawa da ke nan kusa da Sakkwato, duk sun dogara ƙwarai a kan maza 'yan ƙasa da suka horar. Da yawa daga cikin dattawan ekklesiyoyinmu ta wannan hanya suka ci abinci, suka ilimantar da 'ya'yansu.

Har ila yau, kwamishinan lafiyan da ya sanar da dokar aikin karkara a 2025, Dakta Faruk Umar Abubakar, shi kansa ta hanyar jinya ya taso, har ya riƙe muƙamin magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Saboda haka namijin da ya shiga wannan aiki a ƙasar Sakkwato bai zo da baƙon abu ba.

Ƙofar Shiga

Abu na farko da zai ba mai sauya sana'a mamaki shi ne digirinsa na tarihi ko na lissafin kuɗi ba zai rage masa ko kwana ɗaya ba. Ana bukatar kiredit biyar a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, wato fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma a zama bai wuce biyu ba. Wanda ya yi ɓangaren adabi ko kasuwanci a sakandare, sai ya koma ya sake zana jarrabawar WAEC ko NECO tare da ƙannensa. Nan ne mutane da yawa ke ja da baya, ga shi kuwa girman kai rawanin tsiya ne.

Bayan wannan akwai hanyoyi daban-daban. Tsohon tsari shi ne shekara uku a makarantar koyon jinya. Yanzu yawancin makarantun sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara huɗu ke nan, kuma ta hanyar JAMB ake shiga. Digirin jinya a jami'a, kamar wanda ake yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shekara biyar ne, sa'an nan a yi shekara guda ta sanin makamar aiki. A cikin jihar akwai makarantar Asibitin Koyarwa na Jami'ar, akwai kwalejin jinya ta jiha a Sakkwato, akwai kuma ta Tambuwal wadda ba ta da nisa da Shagari. Akwai kuma gajeren tsari na nas ɗin karkara, mai shekara biyu, wanda aka shirya domin mutum ya koma ya yi wa yankinsa aiki. Kowace hanya aka bi, sai an ci jarrabawar Majalisar Jinya, wadda dokar 1979 ta kafa, kafin a sami lasisin taɓa majinyaci. Wasu makarantun kuma suna ƙayyade shekarun haihuwa, don haka magidanci ya bincika tun da wuri.

A nan akwai ramuka biyu da ya kamata a kauce musu. Na farko, jami'in kiwon lafiyar al'umma irin wanda ake horarwa a kwalejin Gwadabawa aikinsa mai daraja ne, amma wata hukuma dabam ce ke ba shi lasisi, kuma ba a lissafa shi a matsayin nas. Na biyu shi ne abin da ake kira "ogzilari", inda wani ƙaramin asibitin kuɗi ke karɓar kuɗin mutum ya koya masa allura da ƙarin ruwa, ya ba shi farar riga da takarda. Majalisar Jinya ba ta san da wannan takarda ba, gwamnati ba za ta ɗauke shi aiki da ita a matsayin nas ba, ranar da aka yi ɓari kuwa shi kaɗai zai tsaya gaban hukuma. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar cewa makarantar tana cikin jerin waɗanda Majalisar ta amince da su.

Lissafin Gida

Saurayi ɗan shekara 18 iyayensa ne ke ɗauke da shi. Magidanci mai shekara 30 ko 35 kuwa shi ke ɗauke da wasu. Karatun jinya ba irin wanda ake haɗawa da wani aiki ba ne, domin bayan aji akwai zagayen ɗakunan majinyata, har da kwanan asibiti. Ma'ana, iyali za su yi shekara huɗu ko biyar ba tare da cikakken albashin maigida ba, ga kuɗin makaranta da na littattafai da na rigar aiki da na jarrabawa. Wanda yake ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce, ya kuma ga amsar a rubuce. Wanda ba shi da wannan gata, ya zauna da uwargida su yi lissafi da alƙalami: wa zai biya haya, wa zai biya kuɗin makarantar yara, me za a ci idan damina ta yi gardama.

Idan an gama kuma, daga ƙasan tsani za a fara. Shekarun da mutum ya yi yana koyarwa ko yana aikin akawu ba za su sa a ɗora shi bisa waɗanda suka riga shi ba. Sista mai kula da ɗaki tana iya zama sa'ar ƙanwarsa, ita ce za ta rubuta masa ranakun aiki, ita ce za ta tsawata masa idan ya makara. Namijin da ba zai iya karɓar umarni daga mace da zuciya ɗaya ba, gara ya nemi wata sana'ar tun yanzu.

Batun albashi ma a yi masa kallon tsanaki. A ran 30 ga Yuli, 2025, ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya sun shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus ɗin aikin dare da na tufafi da ƙarancin ma'aikata, suka janye bayan 'yan kwanaki da aka yi sulhu. Waɗannan kuwa su ne ake ganin sun fi na jihohi da na ƙananan hukumomi samu. Aikin yana da tabbas fiye da sana'o'i da yawa, amma ba ya sa mutum kuɗancewa. Akwai kuma zancen takardar asalin jiha: a guraben karatu da ɗaukar aiki na jiha 'yan asali ake fara dubawa, don haka ɗan Zuru ko ɗan Kudancin Kaduna ko ɗan Filato da ya girma a Sakkwato ya sa ido a kan cibiyoyin tarayya da na mishan da na ƙungiyoyin agaji.

Aikin Kansa

A asibitin karkara nas ne ke kwana da majinyaci. Shi ne zai auna zafin jiki da hawan jini, ya sa ƙarin ruwa, ya wanke miki, ya juya tsohon da ba ya iya motsi, ya kwashe fo, ya shirya gawa. Sau da yawa babu likita a kusa da tsakar dare, babu wutar lantarki, sai tocila. A 2017, lokacin da annobar sanƙarau ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja, ta kama mutum fiye da 14,000 ta kashe fiye da 1,000, garin Danchadi na ƙaramar hukumar Boɗinga yana cikin wuraren da abin ya yi tsanani. Ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma ne suka tsaya a kan marasa lafiya dare da rana a cikin zafin bazara. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa da yara masu tamowa su ke cika gadaje. Cuta ba ta san Lahadi ba, ba ta san Kirsimeti ba. Mai jin cewa ba zai iya rasa sujadar safe ba saboda aiki ya san da wannan, ko da yake abokan aiki Musulmi da Kirista sun daɗe suna yi wa juna canji a ranakun Salla da na Kirsimeti.

Akwai wurin da kasancewarsa namiji zai zama shamaki. A ƙauyukan Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Hausa, magidanta da yawa ba su yarda namiji ya duba matansu ba, musamman a kan abin da ya shafi ciki da haihuwa, matan su kansu ma sukan ji nauyi. Makarantun ungozoma na matakin farko galibi mata kaɗai suke ɗauka. Mai hankali ba ya ja da wannan. Zai nemi izini kafin ya taɓa, zai sa wata ma'aikaciya ko 'yar'uwar majinyaciya ta tsaya a wurin, zai kuma kame bakinsa game da abin da ya gani. Wannan kariya ce ga mutuncin majinyaciya, kariya ce kuma gare shi daga zargi, musamman idan baƙo ne a garin.

A wani gefen kuma ana nemansa ruwa a jallo. Dattijon da ke fama da ciwon fitsari ya fi sakin jiki da namiji ɗan'uwansa. Ɗakin maza da ɗakin haɗari da ɗakin tiyata duk suna bukatarsa. Bayan ya sami lasisi yana iya ƙaro ilimi a fannin sa barci don tiyata, ko jinyar masu taɓin hankali a asibitin tarayya na Kware, ko ta ƙashi a Dala ta Kano, ko ta ido a Kaduna. Sai dai ya kiyayi wani tarko: mutanen ƙauye za su riƙa kiransa "likita" don kawai shi namiji ne. Wanda wannan suna ya hau masa kai har ya fara yin abin da ba a koya masa ba, ƙarshensa nadama.

Mafarkin Ingila

Da yawa daga cikin masu wannan niyya idonsu yana kan jirgi. A watan Fabrairu na 2024 Majalisar Jinya ta ce nas 42,000 sun bar Nijeriya a cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A wannan watan ne ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas har Majalisar Wakilai ta sa baki. Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa bai kamata a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya ba. Ingila kuma ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje a watan Yuli na 2025. Dokokin fita suna canzawa kusan kowace shekara, mai shiga makaranta yau kuwa ba zai fito ba sai bayan shekara huɗu ko biyar. Ya yi lissafinsa a kan cewa a Boɗinga ko Shagari ko Yabo zai yi aiki. Idan wata ƙofa ta buɗe daga baya, riba ce.

Shawara

Ga mai niyya, ya fara da zuwa jinyar wani ɗan'uwa ko ɗan ekklesiya da ke kwance, ya yi mako guda yana kwana a asibiti, ya ga jini da amai da kukan masu rashi, domin gani ya kori ji. Ya sami tsohon malamin asibiti ya tambaye shi abin da aikin ya ci masa da abin da ya ba shi. Ga dattawan ekklesiya da zumuntar mata da ta matasa kuwa, idan an ga wanda ke da kai da haƙuri, a yi masa karo-karo na kuɗin jarrabawa, a kuma leƙa iyalinsa yayin da yake makaranta. Gwamnati a nata ɓangaren, dokar tura ma'aikata karkara ba za ta yi ƙarko ba sai an haɗa ta da gidan kwana da ruwa da wuta da tsaro, da kuma biyan ƙarin da aka yi alkawari a kan lokaci. In an yi haka, matar da naƙuda ta kama da dare da manomin da maciji ya sara a gona za su tarar da wanda ya san aikinsa a asibitin garinsu, ba sai an ɗauko su a mota zuwa Sakkwato ba.