Kafin ki sayar da fadama saboda sunan jami'a



Lokacin neman gurbin karatu ya zo, kuma a gidajen biki hirar ɗaya ce: wance ta kai 'yarta Skyline, wance tata tana Maryam Abacha, ɗan wane an kai shi ƙasar waje. Sai uwa ta koma gida zuciyarta ba daɗi, ta fara lissafin adashe da ɗan kunnen gwal, wata ma har ta matsa wa maigida a jinginar da fadamar da ake noman rani.

Hajiya, ki tsaya tukuna. Fadamar nan da ruwan Tiga ke shayarwa tana ba ku shinkafa da tumatir duk shekara, ita ke ciyar da ƙannen yarinyar. Kuɗin jami'a mai zaman kanta kuwa ba sau ɗaya ake biya ba, shekara huɗu ne ko biyar, ga masauki ga abinci. In kuɗi suka yanke a aji biyu, an rasa gona, digirin ma bai samu ba.

Ban ce masu tsadar ba su da amfani ba. A 2022 ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, yaranmu suna zaune a gida, na makarantun kuɗi suna aji. Ga 'ya mace wata takwas ba wasa ba ne, kun san yadda maganar aure ke shigowa ta katse karatu. Wanda Allah ya hore masa, ya biya ba tare da ya taɓa jari ba, babu laifi.

Amma ki duba abin da ke kusa da mu. BUK na nan, kuma malamai da yawa na jami'o'in kuɗin nan a irinta da ABU Zariya suka yi karatu. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, akwai Sa'adatu Rimi a Kumbotso, ga makarantar jinya a nan Madobi, wadda yarinya za ta gama ta fito da sana'a a hannu. Rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ma ɗaliban makarantun gwamnati ake bai wa. Kuma da gwamnatin Kano ta tura ɗalibai ƙaro digiri na biyu a Indiya da Yuganda a 2023, sakamako mai daraja ta ɗaya aka nema. Yaron da ya dage a Wudil ya cancanta kamar kowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu zuwa da zancen "digiri a waje cikin sauƙi". A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo bayan an bankaɗo na bogi. Iyaye sun biya, yara sun dawo da takardar da ke jawo musu tuhuma.

Don haka kafin ki saki ko sisi, ki sa a bincika miki: shin hukumar NUC ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar? In likitanci ne ko jinya, hukumar sana'ar ta ba su lasisi? Sannan ku zauna da maigida ku lissafa kuɗin har shekarar ƙarshe, da na mota da na littafi, ku ga ko amfanin gona zai ɗauka ba tare da an taɓa gonar ba.

A tura wa sauran mata na mazaɓa, musamman masu 'ya'yan da suka rubuta JAMB bana.