Jos: Mun Ƙoshi da Kwamiti

Wai jama'a, sai yaushe za a gama binciken musabbabin rikicin Jos ne? Tun 1994 ake wannan bincike. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka kafa kwamitin farko, yau magidanci ne da iyali, wataƙila ma ya riga ya binne ƙaninsa a wani rikicin, amma manyanmu na nan suna lalube, wai har yanzu ba su gano abin da ke haɗa mu faɗa ba. Haba! Wa ake raina wa hankali?

Kai ma ka san jerin. A 1994 aka yi tarzoma kan naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙon Jos ta Arewa, aka kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 gari ya kama da wuta, mutum wajen dubu suka salwanta cikin mako guda, aka kira Mai Shari'a Niki Tobi. A 2004 bayan kisan Yelwan Shendam, Shugaba Obasanjo ya saka dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Dariye, ya kawo Janar Chris Alli, shi ma ya tara mu taron zaman lafiya. A 2010 kuma aka ɗauko dattijo Solomon Lar, aka ba shi nasa kwamitin.

Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne na 2008. An yi zaɓen ƙaramar hukuma a ƙarshen Nuwamba, aka kashe ɗaruruwan mutane cikin kwana biyu, ƙasar kabari ba ta bushe ba sai ga kwamiti har biyu kan gawa ɗaya. Gwamna Jang ya kafa na Bola Ajibola, Shugaba 'Yar'adua ya kafa na Janar Abisoye, sannan jiha ta maka tarayya a kotu kan wane ne ke da hurumin bincike. Hurumi fa! Mata na takaba, marayu na kwana a sansanin gudun hijira, su kuwa ana can ana musun wa zai riƙe biro. Wannan ɓangare ya ce bai yarda da wancan kwamiti ba, wancan ya ce wannan na abokan gaba ne. Aka tashi an yi ba a yi ba.

To ina rahotannin? Wasu sun shafe shekaru a kulle a cikin durowa kafin a ga fuskarsu, waɗanda aka fitar kuma an karanta an ajiye. An ambaci sunaye, an ba da shawarwari, shiru. A kama samari a loda a mota a ce an wuce da su Abuja, daga nan labari ya sha ruwa. 'Yan tsirarun da aka ɗaure, duba ka gani, yaran da aka tsinta da adda ne a bakin titi. Wanda ya sayi fetur, wanda ya raba harsashi, wanda ya hau mumbari ko bagadi ya zuga, yana gidansa yana shan shayi. An bar jaki ana dukan taiki. Shi ya sa duk wanda ka je yi wa ta'aziyya, a Rikkos ne ko a Angwan Rukuba, amsa ɗaya za ka ji: mun bar wa Allah. Mai sauraro ya ɗauka tawakkali ne zalla. Akwai tawakkali, amma akwai kuma yanke ƙauna daga hukuma, kuma wanda ya yanke ƙauna daga alƙali, wata rana da hannunsa zai nemi hakkinsa.

Na taɓa halartar irin taron sulhun nan a wani otal. Doguwar rumfa, farin ƙyalle a kan tebura, ruwan gora a jere. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe. Kowa ya miƙe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, aka tafa. Aka karanta sanarwar bayan taro da aka buga tun kafin a fara taron, aka riƙe hannun juna aka ɗauki hoto, sannan aka bi layi karɓar ambulan ɗin kuɗin mota, kuma a nan ne kawai na ga haɗin kai na gaskiya. Babu manomin da aka cinye wa gona a wurin. Babu makiyayin da aka kashe wa shanu. Babu yaron da ke ajiye bindiga a ƙarƙashin katifa. Waɗanda suka yi sulhun dama ba su taɓa faɗa da juna ba, 'ya'yansu makaranta ɗaya suke zuwa.

Fito waje ka ga garin da ake cewa an sasanta. Tare mai Keke a Bauchi Road bayan magariba ka ambata masa wata unguwa, zai dube ka ya ce, Malam, ba na zuwa can. Mutum ya cire hula ya cusa a aljihu kafin ya tsallaka wata gada, wata ta ɓoye sarƙar gicciye cikin riga kafin ta shiga wani lungu. Mutane sun yi musanyar gidaje, wasu sun sayar a wulaƙance, kowa ya koma cikin nasa. Tun 2010 sojoji ke tsaye a shingaye, har mun saba da su. Babbar kasuwar Taminus, wadda a da ake zuwa kallo daga nesa, ta ƙone a 2002 kuma gwamna bayan gwamna ya yi alkawari ya wuce. Amma a lambar mota an rubuta da Turanci wai mu ne gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Wane baƙo ne zai zo yawon buɗe ido cikin dokar hana fita?

Mu ma ba mu tsira ba, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Kowa gawarsa kawai yake ƙirgawa. Mai ambaton kisan Kuru Karama ba ya son jin na Dogo Nahawa, mai kukan Dogo Nahawa bai taɓa jin Kuru Karama ba, alhali a shekara ɗaya aka yi su, tsakaninsu bai kai wata biyu ba. A Agustan 2021 aka tare matafiya a Rukuba Road aka kashe, kwanaki kaɗan aka afka wa Yelwa Zangam cikin dare. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka bi ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi aka kashe mutane sama da ɗari, kuma na ji da kunnena wani yana cewa ai su ma sun yi mana. Jaririn da aka ƙone a ɗaki, me ya yi maka? Bama-baman da suka tashi a Taminus a Mayun 2014 ba su tambayi sunan kowa ba.

Abin da ake gudun taɓawa sananne ne: takardar shaidar ɗan ƙasa, filin noma da burtali, da kujerar Jos ta Arewa tun da Babangida ya ƙirƙiro ta a 1991. Mutumin da kakansa ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa ana ce masa baƙo, shi kuma Birom ko Anaguta ko Afizere yana tsoron ranar da zai wayi gari ba shi da ta cewa a ƙasar kakanninsa. Duka biyun tsoro ne na gaske, kuma ɗan siyasa da shi yake cin abinci, don haka ba zai warware ba. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya zo a 2018, dabarar da aka yi ita ce a tsallake Jos ta Arewa da wasu uku. Maganin ciwon kai kenan, a sare kan.

A Yunin wannan shekarar ta 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu da mahara suka koro a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Tsoho ɗaya, ba alawus, ba jami'in tsaro. Gwamnati mai sojoji da kotuna da kurkuku ta kasa abin da ya kai rabin wannan.

A buɗe durowa a fito da sunayen da ke cikin rahotannin nan, a kai mutum ɗaya mai babbar riga gaban alƙali mu gani da idonmu, ko nawa ne ko naka. Kafin nan, mai rabon katin gayyatar taron sulhu ya wuce ƙofata, ba na gida.